Kafin ki daina zuwa, ki gaya mata abin da kika je nema

Wa alaikis salam 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce kin je wajen mai duba masu ciwon damuwa har zama uku amma ita tambaya kawai take jero miki, ba magani ba shawara, shi ne kike ganin asarar kuɗi ce kina so ki daina. Ni ma na yi wannan zaryar bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi ya sa na kasa wucewa ban tanka ba.

Wallahi rabin matsalar daga sabo ne. Mu a nan in ka je asibiti kati za ka yanka, likita ya rubuta magani ka wuce kemis, in wajen malam ne ya ba ka rubutu ko tofi, ko yaya dai da abin da za ka riƙo a hannu. To sai ga shi kin zauna kusan awa guda ana ce miki ya kika ji a ranki lokacin, ki fito hannu rabbana kuma ga kuɗin adaidaita, dole ranki ya sosu. Ita kuwa a nata lissafin aikin bai ma kankama ba, zaman farko-farko tarihinki take ɗauka, barcinki, cin abincinki, zaman gidanku, kuma tana jiran ke ki buɗe baki, ke kina jiran ita ta yanke miki hukunci. Kowa na jiran kowa.

Sannan ki gane aikin kashi biyu ne. Likitan ƙwaƙwalwa, irin na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau, shi ke rubuta magani. Masanin halayyar ɗan adam kuwa da magana yake aiki. Hanyar da aka fi sani ita ce CBT wadda Aaron Beck ya fito da ita a Amurka a shekarun 1960, ana koya miki kama mugun tunani tun yana tasowa ki auna shi ki ga ko gaskiya ne, yawanci zama ɗaya a sati, bai cika wuce zama 20 ba, har aikin gida ake bayarwa. Kuma ba ke kaɗai ba ce, wani nazari na 2012 da ya haɗa bincike sama da 600 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar yana yankewa kafin a gama.

Abin da ya riƙe ni, yayata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta ce in tambayi matar kai tsaye. Na ce mata Hajiya ni fa so nake in dinga barci in koma shagona, wace hanya za mu bi kuma zama nawa kike hasashe. Ba ta ji haushi ba ko kaɗan, ta ɗauko takarda muka rubuta tare, daga ranar na san me ya kawo ni. Ke ma ki yi haka don Allah, mu kunya ke cutar mu, a ce miki kin gane ki ce eh, kawai sai a nemi mutum a rasa. In kuɗi ne ki faɗa, ana iya mayar da zaman duk sati biyu. In 'yan gida ne ke cewa kina tona asirin gida ko ki dage da addu'a kawai, shi ma ki kai mata maganar, addu'a da neman magani ai ba sa karo.

Wani abu kuma, akwai ranakun da za ki fito ki ji kamar ciwon ƙaruwa ya yi, ni har kuka nake a hanya, saboda an taɓo abin da aka daɗe da binnewa, wannan ba ya nufin aikin ya lalace.

Amma in kin yi mata bayani ta share ki, ko tana raina addininki, ko kika ji sirrinki a waje, to ki canza, haƙƙinki ne. In kuma likita ya ɗora ki a kan magani kar ki yanke shi da kanki, yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa. In har tunanin cutar da kanki ya zo miki, kar ki jira ranar zama, ki samu wani a gida ya raka ki asibiti a ranar.