A intabiyu suna ɗaukata mai sito: in sayi satifiket?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina Jidda, shekara shida ina aikin sayo kaya da lura da sito a wani kamfanin kayan abinci. Duk intabiyun da na shiga, da na faɗi aikina sai a ce, "wato dai mai sito ne kai", kuma albashin mai sito za a yanka mini. Wani dillali ya ce zai samo mini satifiket na CIPS, wato shaidar ƙwarewa a aikin sayo kaya, cikin sati biyu, ba jarrabawa. In ba shi kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ko halala ɗaya, wato kwabon Saudiyya, kada ka ba shi.

Rainin da kake gani, rabinsa daga bakinka yake fitowa. Wanda ya ce "ina lura da kaya" ya kira kansa mai gadi. Manaja lissafi yake son ji. Ka ce masa: katan 40 ke fita kullum, kaya na ɗaukar kwana 45 kafin su iso, don haka da sito ya sauko katan 1,800 da ɗan abin ajiya na ko-ta-kwana nake sa oda. Ka faɗi yadda kake shirya takardu a Fasah, shafin intanet na shigo da kaya Saudiyya, tun jirgi bai iso ba, don kada kwantena ta kwana a tasha kuɗin jinkiri na hawa kanta, da yadda kake bin ƙa'idar SFDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Saudiyya, tunda abinci ne. Ka san wa ke biyan jigila da inshora a FOB, wa ke biya a CIF, wato sharuɗɗan cinikin kayan da ake kawowa ta jirgin ruwa. Mai irin wannan magana ba a ce masa mai sito.

Yanzu dillalinka. Kullum sai mun gamu da irinsu, kuma abin ya ishe mu. CIPS cibiya ce ta Ingila, mataki-mataki ake hawa, kowane da jarrabawarsa. Babu wani ɗaki a bayan kasuwa da ake buga takardarta. Abin da zai miƙo maka takarda ce mai sheƙi da lambar ƙarya, ko lambar wani. Kamfani kuwa saƙo ɗaya zai aika wa cibiyar ya ji gaskiya. Ko bai aika ba, wanda ke gabanka a teburin intabiyu wataƙila shi kansa ya zauna jarrabawar. Tambaya biyu kan sharuɗɗan kwangila, asiri ya tonu.

Kuma a Saudiyya wannan ya wuce abin kunya. Takardar jabu laifi ne mai ɗauri da tara, baƙo kuma ƙarshensa kora. Wanda ya yi amfani da ita yana sane, shi ma doka ta hau kansa, ba mai bugawa kaɗai ba. Ranar da aka kama ka, dillali ya canja layi, kai ne da iƙama (izinin zama), da iyali, da haya. Sai a ce "ai wane ya yi, ba abin da ya same shi". Wane bai je neman ƙarin girma ba tukuna, lokacin ne ake sake buɗe fayil. Albashin da aka samu da ƙarya kuma, ka tambayi malaminka hukuncinsa.

In karatun kake so, yi rajista da CIPS kai tsaye, ko CSCP, satifiket na tafiyar da kaya na cibiyar ASCM, ka rubuta a takardar neman aikinka cewa kana kan karatu. Kafin ka nemi gurbi kuma, bincika ko na ’yan ƙasa ne, domin an ware musu kaso a ayyukan sayo kaya, ka kuma duba ko sana'ar da ke kan iƙamarka ta dace da aikin.