Ku Tambayi Mushe: Maraice da safiya tun ba a yi rana ba

TAMBAYA

Baba Mushe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise, ɓangaren kimiyya, kuma Kirista ce tun daga gida. A darasin SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, malaminmu ya ce duniya ta yi shekara miliyar 4 da rabi. A majami'a kuwa kwana shida aka koya mana, har wani ya taɓa cewa duka shekarun duniya ba su wuce 6,000 ba. Wani ɗan ajinmu ya tare ni: yaya aka yi maraice da safiya har sau uku, alhali sai kwana na huɗu aka halicci rana? Ina Kayinu ya samo mata? Na rasa bakin magana. Na tambayi wani dattijo, ya ce in rage zurfin tunani kar Shaiɗan ya samu ƙofa. Baba, wa zan gaskata? Ga BAC na tafe, ba na so in rubuta abin da zuciyata ke ce mini saɓo ne.

'Yarka daga unguwar Zariya, Maraɗi

AMSA

'Yata, muna lafiya, Allah ya yi miki albarka. Takardarki ta tuna mini wata kunya da na sha a farkon aikina, a wani kwalej da ba sai na faɗi sunansa ba. Yaro ya yi mini kusan irin tambayarki. Ni kuwa ga ƙuruciya, ga son a ce mushe ya san komai, sai na yi caraf na ce ai kwana ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne, haka Bitrus ya rubuta a wasiƙarsa ta biyu. Yaron ya duƙa kan kayensa, ya ɗago ya ce, "Mushe, shida sau dubu ai dubu shida ne. Ina sauran?" Aji ya kwashe da dariya. Tun ranar na daina yi wa wannan magana faci, kuma ke ma ba zan yi miki ba.

Maganar matar Kayinu ita ce mai sauƙi. Farawa 5:4 ta ce Adamu ya haifi waɗansu 'ya'ya maza da mata, kuma amsar da aka saba bayarwa ke nan. Da ɗan ajinku ya ƙara karatu, da ya samu wadda ta fi ta ƙarfi a sura 4: bayan kisan Habila, Kayinu na tsoron duk wanda ya gamu da shi zai kashe shi, daga baya har birni ya gina. Su wa yake tsoro, su wa za su zauna a birnin? Labarin bai tsaya ƙidayar jama'a ba, ya wuce abinsa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekara 6,000 kuwa, ki duba Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayi, ba za ki ga wannan adadi ba. Lissafin mutane ne. Wanda ya fi shahara shi ne na James Ussher, wani babban bishop na ƙasar Ayalan, wanda a 1650 ya tattara shekarun zuriyoyi ya ce an yi halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Daga baya aka riƙa buga adadin a gefen shafukan Littafi Mai Tsarki na Ingilishi, har mutane suka ɗauka shi ma aya ce. Ba sai mun je nesa ba mu ga inda ya rushe. A Gobero, cikin Tenere ɗinmu, a shekarar 2000 aka gano maƙabartar mutanen da suka zauna bakin wani tafki suna kamun kifi, inda yau babu komai sai rairayi. Tsofaffin kaburburan sun haura shekara 9,000. Wato ana jana'iza a ƙasar Nijar shekaru dubbai kafin ranar da Ussher ya ce an fara duniya. A Gadufawa kuma, kudu maso gabas da Agadas, an tono ƙasusuwan manyan dabbobin nan da suka ƙare, da wani kada da tsawonsa ya haura mita 9, masu shekara wajen miliyan 110. Idan Allah ya kai ki Yamai, ki shiga gidan tarihi na Bubu Hama ki gani da idonki.

Za ki ce, wa ya ƙirga? Nan ne nake so ki natsu, don nan ne masu musu suka fi yi wa mutane rufa-ido. Ki ɗauka akwai rumbu da aka zuba wa hatsi tiya 100 aka liƙe, a ciki kuma akwai gara mai wata ɗabi'a: duk shekara rabin abin da ya rage take ci, ta bar gari. Bana saura tiya 50, baɗi 25, baɗin baɗaɗa 12 da rabi. Wanda ya buɗe rumbun ya auna hatsi ya auna gari, zai faɗa miki shekarar da aka liƙe shi, ko da ba a haife shi ba lokacin. Yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit haka yake. A hankali yake rikiɗewa ya zama dalma, kuma nau'in da ya fi yawa, wanda ake kira 238, sai ya yi shekara kusan miliyar 4 da rabi kafin rabinsa ya rikiɗe (miliyar ɗinmu ita ce biliyan a bakin 'yan uwanmu na Najeriya). Akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse, zirkon, wanda lokacin da yake daskarewa yakan karɓi yuraniyom amma ya ƙi dalma. Shi ne rumbun da aka liƙe: dalmar da aka tarar a cikinsa daga baya ta taru. Mafi tsufa da aka samu, a Ostireliya, ya kai shekara miliyar 4.4. Adadin da malaminku ya faɗa kuwa, tun 1956 wani Ba'amurke mai suna Clair Patterson ya fitar da shi daga awon dalmar duwatsun da ke faɗowa daga sama, kuma awon da aka yi ta yi bayansa da waɗansu sinadaran daban bai kauce masa ba.

Ga wata shaida da ba ta buƙatar ɗakin gwaji. Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma duk da haka hasken rana sai ya yi minti 8 da 'yan kai kafin ya iso mu. Idan kin je ƙauye lokacin sanyi, daren da babu farin wata, akwai wani ɗan hazo-hazo da ido ke iya kamawa ta wajen arewa, taron taurarin da ake kira Andiromeda. Hasken da ya shiga idonki ya baro can shekara miliyan 2 da rabi da suka wuce. Na sha jin ana cewa ai Allah na iya halittar hasken yana kan hanya, ya kuma halicci duwatsu da tsufansu. Iko kam yana da shi. Amma ki auna abin da maganar ke jingina masa: ya binne ƙasusuwan dabbobin da ba su taɓa rayuwa ba, ya aiko da hoton abubuwan da ba su taɓa faruwa ba. Ni ban yarda in kare Littafin ta hanyar mai da Mai Littafin mayaudari ba.

To, a ce kowane kwana zamani ne mai tsawo, ba dubu ba, miliyoyi. Wannan ne facin da ya fi karɓuwa, amma shi ma yana yagewa wajen jeri. A Farawa 1 tsire-tsire da itatuwa masu 'ya'ya sun zo kwana na uku, rana da wata da taurari na huɗu, kifaye da tsuntsaye na biyar, dabbobin tudu da mutum na shida. Idan kwana miliyoyin shekaru ne, gero ya yi miliyoyin shekaru ba rana ke nan, kuma kowane manomi a Gulbi zai faɗa miki abin da inuwar mako biyu ke yi wa shuka. Abin da duwatsu suka adana kuma wani jeri ne daban: taurari da yawa sun girmi duniya nesa ba kusa ba, kifaye sun riga itatuwa masu fure da ɗaruruwan miliyoyin shekaru, dabbobin tudu kuma sun riga tsuntsaye. Ko cikin Littafin kansa, sura 2 ta sake ɗauko labarin da wani tsari: an fara yin mutum daga turɓaya, sai gona, sai aka kawo dabbobi ya raɗa musu suna, sannan mace. Wanda ya ajiye surorin nan biyu kafaɗa da kafaɗa ba makaho ba ne, ya ga bambancin, bai kuma goge ɗaya ba. Haka nan sararin da aka yi kwana na biyu: kalmar Ibrananci ta fito ne daga aikin maƙeri mai dukan ƙarfe ya shimfiɗe, kuma an ce akwai ruwa a bisansa, har a labarin Nuhu aka buɗe tagoginsa. Kamar ƙwarya ce a kife, yadda mutanen yankin a wancan zamani suke ganin sama.

Yanzu ga abin da zai ba ki mamaki. Tambayar ɗan ajinku ta maraice da safiya, malamin Kirista ne ya riga shi yin ta, kuma ɗan Afirka. Orijin na Iskandariya ta Masar, a ƙarni na 3, ya tambaya wane mai hankali ne zai ɗauka an yi kwana na ɗaya da na biyu da na uku, da maraicensu da safiyarsu, ba rana ba wata ba taurari. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya ja kunnen Kiristoci kada su riƙa sakin baki kan sha'anin ƙasa da taurari a gaban wanda ya san abin, suna cewa Littafi ne ya faɗa, don dariyar da za a yi musu kan Littafin za ta ƙare. Darwin, masanin kimiyya ɗan Ingila, bai buga littafinsa kan asalin halittu ba sai 1859. Mutanen nan ba kimiyya ce ta kore su suka ja da baya ba, karatu suka yi da kyau.

Ni ga yadda nake karanta surar. Kin taɓa zuwa jeren amarya? Sai an gina ɗaki an yi daɓe kafin a shigo da kaya. Kwana uku na farko gini ne: haske da duhu, sama da ruwa, sannan tudu. Uku na biyu jere ne, kowane ɗaki da kayansa: na huɗu ya cika na ɗaya da rana da wata, na biyar ya cika na biyu da tsuntsaye da kifaye, na shida ya cika na uku da dabbobi da mutum. Tsari ne irin na waƙa, mai amshi, wanda ake haddacewa, ya ƙare da ranar hutu. Ki lura kuma, ba a ma kira rana da wata da sunansu ba, babban haske da ƙarami kawai aka ce, domin maƙwabtan Isra'ila bauta musu suke yi. Surar na cewa fitilu ne, akwai wanda ya rataya su. Kakana Anne ne, mai yanka wa iskoki a gindin tsamiya, don haka na san nauyin wannan magana a kunnen wanda ya fara jin ta. Shi ya sa labarin bai damu da matar Kayinu ba. Ba rajistar mairi ake rubutawa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, fastoci da yawa, har da abokaina da muka tashi tare a Tsibiri, ba su yarda da ni ba, suna nan kan kwana shida na awa 24. Dattijon da ya tsorata ki ma ƙauna ce ta sa shi, ki ci gaba da gaishe shi da ladabi. Sai dai a ganina ƙofar da yake tsoro ta fi buɗuwa ga yaron da aka hana tambaya, ranar da ya shiga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya tarar an ɓoye masa abubuwa. Maganar Adamu da asalin ɗan Adam, da ƙwaryar kan nan ta Tumai mai shekara wajen miliyan 7 da aka samu a Cadi a 2001, ta fi duk waɗannan nauyi, zan ba ta shafinta a fitowa ta gaba.

A BAC ki rubuta miliyar 4 da rabi da hannu mai ƙarfi, ba saɓo ba ne. Wanda ya fara kawo ra'ayin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa daga wani mafari guda, Georges Lemaître, fada ne na Katolika ɗan Beljiyam, kuma bai ajiye rigarsa ba har ya mutu.

TAMBAYA

Mushe, ni Musulmi ne. Akwai maƙwabcina Kirista da muke yawan gardama a wurin mai shayi. Don Allah ka jero mini kurakuran littafinsu in ƙure shi.

Mai karatu daga Tasawa

AMSA

Malam, ga su nan sama, ban rage ko ɗaya ba. Amma kafin ka ɗauki sandar, ka tuna Alƙur'ani ma ya ambaci kwana shida, a Suratul A'araf aya ta 54 da waɗansu wurare, kuma malaman tafsiri sun daɗe suna tattauna ko irin kwanakinmu ne, tun da Suratul Hajji ta ce yini ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne. Wannan fagen malaminka ne, ba nawa ba, ka kai masa tambayar ka ji. Dutsen Arlit dai adadi ɗaya yake ba ni da kai. Maƙwabcin naka kuwa, ka miƙa masa mujallar ya karanta da kansa, kuɗin shayin ranar kuma kai za ka biya.