Gizo mugu ne ko mai wayo kawai?

Malama, kin tambaya ko Gizo na tatsuniya mugu ne, kuma ko ya taɓa tuba. Ni dai a tatsuniyoyin da kakanninmu ke yi mana da dare a Daura, ban ji inda ya tuba ba.

Yaudarar da ya yi wa giwa da dorina, ya sa suka yi ta jan igiya kowa na zaton da Gizo yake ja, wannan ina yi masa uzuri: ƙarami ne tsakanin manya, dabara ce kaɗai makaminsa. Amma hankaki fa? Sun ara masa fuka-fukai, suka kai shi ga ɓaure a tsakiyar ruwa, ya hana su ci. Wannan butulci ne tsantsa, shi ya sa suka ƙwace gashinsu. Ƙoƙi nake tausaya wa, ita ke zaune da shi kullum.