Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan ba da jini don binciken lafiyar tsoffin sojoji

Hajiya, na ga tambayarki cewa an gayyaci maigidanki, tsohon sojan Amurka, ya ba da jini da bayanan asibitinsa, kina tsoron kada a yi amfani da su a cuce shi. Ni ma na yi aikin soja a nan Amurka, kuma na shiga shirin, Million Veteran Program, mai binciken yadda ƙwayoyin halitta ke shafar lafiya, wanda ma'aikatar tsoffin sojoji ta fara a 2011. A 2023 aka cika mutum miliyan ɗaya.

Abin bai da wuya. Jinin bai wuce ƙaramin cokali biyu ba, sai takardar tambayoyi kan aikin soja, abinci, barci, shan taba da cututtukan dangi. A gabana ma'aikaciyar ta manna wa kwalbar lamba, babu suna. Masu bincike lambar kawai suke gani, kuma a cikin kwamfutar ma'aikatar suke aiki, ba a ba su bayanan su tafi da su.

Abin da ya sa na amince shi ne labarin sojojin saman da suka yi feshin Agent Orange, wani sinadarin kashe tsirrai, a Biyetnam tsakanin 1962 da 1971. Tun 1982 aka riƙa duba lafiyarsu ana adana jininsu a daskare. Da binciken ya ƙare ba a zubar ba, aka nemi izininsu aka ajiye. A 2015 wasu likitoci suka koma kan wannan tsohon jinin, suka gano cewa alamar da ke gabatar cutar dajin ɓargo ta ninka fiye da sau biyu a jikin masu feshin idan aka kwatanta da sojojin da ba su yi feshin ba. Da an zubar da jinin, wa zai tabbatar musu? Mu da muka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi irin wannan hujjar muke buƙata. Ga shi kuma baƙar fata ba mu da yawa a binciken ƙwayoyin halitta na duniya, alhali magani da mu ake sha.

Amma fa ya karanta takardar amincewa da kansa, kada ya sa hannu a gurguje. Wata dokar Amurka ta 2008 ta hana kamfanin inshorar lafiya ko mai ɗaukar aiki nuna wariya saboda ƙwayoyin halittar mutum, amma ba ta shafi inshorar rai ba. Kuma kada ya sa ran za a aiko masa da sakamakon gwaji, galibi ba a yi. Idan ya ƙi, ba abin da zai taɓa haƙƙinsa na jinya. Idan ya shiga ya sake tunani, yana iya janyewa, sai dai abin da aka riga aka yi bincike da shi ba ya dawowa.

Ki gaida shi, Allah Ya ƙara masa lafiya.