Hukuncin buga lido a waya da abokai, ba tare da sa kuɗi ba

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, mu huɗu ne tun makaranta, yanzu kowa yana garinsa. Da dare mukan haɗu ta intanet mu buga lido. Ba ma sa kuɗi, sulallan cikin wasan kawai muke zubawa, idan nawa sun ƙare nakan sayi kaɗan. Wani ya ce mini haramcin ya tsaya ne ga ƙwayar da ake jefawa da hannu. Haka ne?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka. Ka ce ba ku sa kuɗi, sannan ka ce kana sayen sulalla. Nan maganar take. Kafin a fara wasa ana cire wa kowa adadin da aka tsayar, a tara, wanda ya ci ya kwashe. Tunda ka saye su da kuɗinka, sun zama dukiya, kuma sa dukiya a kan faɗuwar ƙwaya caca ce ba saɓani. Don ba za ka iya mayar da su kuɗi ba, wannan bai wanke su ba, sai ma ya nuna asarar taka tabbatacciya ce.

To idan da sulallan kyauta ne fa? Har yanzu ina ganin bai halatta ba. Hanin Manzon Allah (SAW) game da nardi, wato wani tsohon wasa da ake yi da jefa ƙwaya, sananne ne, bai kuma ɗaure shi da kuɗi ba, kuma a kan haka jumhurin malamai suke. Risala ma, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗe shi ƙarara.

Maganar wanda ya ce maka haramcin ya tsaya ga ƙwayar hannu, akwai malaman zamani da suka tafi a kanta, amma ban ga ƙarfinta ba. Shari'a ba ta hana nardi don ƙashi ko icen da aka sassaƙa ƙwayar da shi ba. Abin dubawa shi ne wasan ya rataya a kan sa'a. A waya, da ka taɓa hoton ƙwayar, manhajar ce ke zaɓo lamba tsakanin 1 da 6, ba ka da hannu a ciki. Ba ka fito da ɗanka daga gida sai shida ta faɗo, ba ka cin na wani sai lambar ta zo daidai. Me ya canza ban da kayan aikin? Da wannan hujjar ta tsaya, da cacar waya ma ta halatta, tunda ba a taɓa kati da hannu, kuma ba mai faɗin haka.

Wasu suna cewa ai akwai dabara wajen zaɓar ɗan da za a tura. Akwai, amma kaɗan ce. Nardin da aka hana, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 15, ana jefa ƙwaya biyu, lissafinsa ya fi na lido nesa ba kusa ba, duk da haka hanin ya hau kansa. Ina ga mai 'ya'ya huɗu da ƙwaya ɗaya? Malaman Shafi'iyya ma da suka sassauta a kan wasan da tunani ne ginshiƙinsa, sun haɗa duk wanda ya dogara da sa'a da nardi.

Abin da na fahimta a wasiƙarka, ba lidon ne ya dame ka ba, zumuncin ne kake tsoron ya yanke. Wannan niyya ce mai kyau, kada ka sake ta. Ku riƙe lokacin haɗuwar, ku mayar da shi kiran murya na haɗaka, ko wasan da ba ƙwaya ba sulalla, kamar kacici-kacici. Ka faɗa musu a hankali, ban da gori, domin jiya tare kuke.

Sauran sulallan kada ka sayar wa kowa, kada ka ce bari in ƙarar da su tukuna. Goge manhajar, ka yi istigfari, kuɗin da suka tafi ka bar su. Sannan ka duba Asubarka. Wasan mutum huɗu yakan ci rabin awa ko fiye, wanda aka cinye kuma sai ya nemi ramuwa, haka dare ke tsalawa. Idan kana da iyali, wannan lokacin haƙƙinsu ne.

Wallahu a'alam.