Amsa: Yaya zan sa matasa su saurare ni a taro?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce an ba ka minti 20 ka yi wa matasan Maiwurno, garin nan na ƙasar Sudan, magana a nadi, wato kulob ɗinsu, kan asalinsu, kuma kana tsoron kowa ya duƙa kan waya. To gaskiya in ka fara da jero shekaru da sunayen sarakuna wallahi kafin jabana, wato gahawa, ta huce ka rasa su.

Ka kama mutum ɗaya ka bi shi. Misali Muhammadu Bello Mai Wurno, wanda garin ya ci sunansa, ka fara daga yaƙin Burmi a Najeriya a 1903, Turawa sun kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru, ga jama'a mata da yara da tsofaffi sun zuba masa ido, baya ba ta komuwa, gaba kuma tafiya ce a ƙasa har bakin kogin nan na Nilu kusa da birnin Sinnar. A nan sai ka yi shiru kaɗan, ka ce musu da kai ne ya za ka yi? Bar su su amsa, ko da shirme ne, ai tatsuniya ma sai an ce ta zo mu ji ta.

Shekarun kuwa biyu ko uku sun isa, ka saka su cikin labarin.

Amma don Allah kar ka ƙara gishiri, dattawa na zaune kuma kakanninsu ne suka yi tafiyar, take za su gyara maka a gaban yara. Ka je wajen ɗayansu tun kafin ranar ya ba ka abin da ya ji a gidansu.