Tambaya da Amsa: Sadakar da nake bayarwa tana isa kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Tawa, duk wata ina ba wata ƙungiyar marayu jika biyar, kwatsam sai ga shugaban ya sayi sabon babur ya kuma tada gini, marayun ko yadda na san su haka suke. Ga Plumpy'Nut na yara masu tamowa ana saidawa a kasuwa alhali kyauta aka kawo shi. Wallahi jikina ya yi sanyi, in daina kawai?

Amsa: Wa'alaikumussalam Alhaji. Ba zan ce maka babu ɓarayi ba, akwai su, har a manyan ƙungiyoyi. A 2017 Red Cross ta duniya da bakinta ta amsa cewa an wawure sama da dalar Amurka miliyan 5 na yaƙi da Ebola a Gine da Saliyo da Laberiya, harda albashin ma'aikatan bogi.

Amma a ce taimako ba ya aiki, a'a, nan ban yarda ba. Tambayi tsofaffin ƙauyenku labarin kurkunu, yadda yake kwantar da manomi tsakiyar damina ƙafa a kumbure, gero na jiran noma shi ko tashi ba ya iyawa, to da kuɗin taimako aka raba ƙyallen tace ruwa aka gina rijiyoyi har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Nijar. Shi kansa Plumpy'Nut ɗin ya tada yara da yawa a yunwar 2005.

Babur kuma ba hujja ba ne shi kaɗai, ƙila gumin mutum ne, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa masu aikin tara zakka cikin masu rabo. Abin dubawa shi ne lissafi. Je ka same shi da mutum biyu cikin masu bayarwa, ku ce a nuna muku littafi, nawa ya shigo nawa ya fita, sa hannun wa ake cire kuɗi, ina takardar izinin hukuma. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, wanda ya fara "ba ku yarda da ni ba ne" to ka riƙe jikarka biyar.

Ka sayi tiyar hatsi ka kai gidan marayun da ƙafarka, ko ka biya wa ɗaya kayan lakwal. Plumpy ɗin kasuwa kuma kada ka saya, ko yaranka sun yi kuka.